Karatun Hannu-baya

Yayata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a wani babban asibiti. In ka je can ka tambaye ta da sunanta sai a yi ta kallon-kallo, amma ka ce Hannu-baya, ko mai shara zai nuna maka hanya. Ni ce autar gidanmu, ɗinki nake yi, kuma ni nake ɗinka wa sashensu ɗamarun da ake ɗaura wa masu koyon tafiya a ƙugu, don haka ɗakin nan na san shi kamar shagona. Abin da zan faɗa yawancinsa a kan idona aka yi. Har yau in na tuna sai na ajiye almakashi tukuna, don kada in ɓata wa mutane yadi.

Sashen nasu yana can ƙarshen asibiti, sai ka wuce wajen wanki da inda ake jibge karyayyun gadaje. A ciki akwai ƙarafa biyu a jere da mai shanyewar ɓarin jiki yake dafawa yana jan ƙafa, da dogon madubi mai tsaga a kusurwa, da 'yar matakalar katako wadda in ka hau ba inda za ta kai ka sai dai ka juyo ka sauko. Fankar sama ta fi kowa ƙorafi a ɗakin. A nan Yaya ta ƙarar da ƙuruciyarta, a tsaye, hannayenta a harɗe ta baya.

Mu a gida mun riga asibiti ganin wannan tsayuwar. Ba ta daɗe da fara aiki ba ɓarin jikin Babanmu na dama ya shanye. Inna ta ɗauki abin da zafi: ta ba shi abinci a baki, ta sa masa riga, ta ɓalla masa maɓalli, ko ƙuda ne ya sauka masa ita za ta kore. Sai Yaya ta zo ta kafa doka. Ta kwaso rigunansa ta zube min a kan keke, ta ce in cire maɓallan in sa manya-manya irin na kwat, kuma daga ranar shi zai riƙa ɓalla abinsa.

Ba zan manta safiyar farko ba. Baba yana zaune a bakin gado yana kokawa da maɓalli ɗaya, yatsunsa suna zamewa, zufa tana tsatsafo masa. Inna ta miƙa hannu, Yaya ta tare.

"Ke wace irin zuciya gare ki?" in ji Inna, tana hawaye. "Ubanki ne fa!"

"Shi ya sa, Inna."

Baba ya yi ta faɗa da karkataccen bakinsa, ya ce ya haifi soja bai sani ba. Yaya ko gezau. Ni da nake tsaye a bayanta ni kaɗai na ga abin da hannayen suke yi: ɗaya ya damƙe wuyan ɗaya, farce ya nutse a fata. Da maɓallin ya shiga, ba ta yi masa tafi ba, cewa kawai ta yi saura na ƙasa. Bayan 'yan watanni ta sa na mayar da ƙananan maɓallai. Har Baba ya bar duniya da kansa yake ɓalla rigarsa, yana kuma bugun ƙirji wai ba wanda ya taimake shi.

Yadda ta yi da Baba haka take yi da ƙananan ma'aikata. Yaro zai fito daga makaranta, kansa cike da littafi. Sai ta miƙa masa ɗamara ta nuna masa majinyaci, ita kuma ta koma bayansa ta harɗe hannu. Ba ta taɓa gyara wa ma'aikaci kuskure a gaban mara lafiya ba. Hannun nan ba ya fitowa sai in faɗuwa ce ta taso, sannan ne za ka san ashe ba barci yake ba. In an sallami majinyaci sai ta ja yaron zuwa ɗakin ajiya, su zauna cikin sanduna da kekunan marasa lafiya, ta zuba masa shayi ta ce, "Me ka gani?" Tambayar nan sun tsane ta kamar allura. Amma duk wanda ya sha shayin ɗakin ajiya, ko ina ya je aiki ana gane shi.

To ga inda matsalar take. Asibitin ba ya ɗaukar wani a madadin ma'aikacin da ya tafi ƙaro karatu. Sai wani tsari ya kafu a sashen, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba amma ya fi doka ƙarfi: mai son tafiya zai miƙe a taron ma'aikata ya ce, "Wa zai riƙe min marasa lafiyata?" In wani ya ce ya riƙe, shugaba ya sa hannu. In an yi shiru, karatu ya sha ruwa. Yaya kuwa, matar da za ta iya tsayawa shiru mutum yana kuka a tsakanin ƙarafa, wannan shirun ɗaya ne ba ta iya jurewa. Kafin mai tambaya ya rufe baki ta ce, "Na riƙe." Haka ta yi ta riƙewa, wannan ya tafi ya dawo, wancan ya tafi bai ma dawo ba, ita tana haɗa nata da nasu tana dawowa gida ƙafafu a kumbure.

Wanda ya fi kowa cin moriyarta shi ne Dogo. Shi ne ɗalibinta na farko, ya zo mata da wuyan riga a ɗaure yana tsoron taɓa tsofaffi. Ta riƙe masa ya yi digiri na biyu, ta sake riƙe masa ya yi na uku, ya dawo aka ba shi shugabancin sashen. Kada ku ɗauka mugu ne. Har rusunawa yake in zai gaishe ta, kuma ba taron da zai yi magana bai ce, "Anti ce ta raine ni" ba. Ni dai da irin wannan gara min mugu na sosai, wanda zan zaga in ji sanyi.

Ita ma tana da nata burin, ba ta dai cika faɗa ba. Yatsun Baba biyu har ya rasu ba su buɗe ba, kuma abin bai taɓa barin ranta ba: me ya sa hannun wani yake dawowa, na wani ya ƙi? A kan wannan take son yin digiri na biyu. Ta samu gurbi a jami'a, sai tafiyar Dogo ta taso, ta nemi a ɗage mata. Ta sake shiri, sai wata abokiyar aikinta ta samu nata gurbin ga kuma goyo, ta ce wa Yaya in ba yanzu ba shi ke nan, Yaya ta sake ɗagewa. Jami'a ta ce daga wannan babu wani ɗagi. Ga shekaru sun ja, asibiti kuma ba ya sakin wanda ya doshi ritaya. Ko ta tafi a wannan karon, ko kuma maganar ta mutu.

Sai na ga Yayata ta zama yarinya. Ta sayo jakar goyo ta ɗalibai, baƙa mai aljihuna, ta yanko gilashin karatu, ta mamaye teburin cin abinci da littattafai. Mijinta, mai gyaran wutar lantarki ne kuma ba ya rabo da zolaya, in ya shigo sai ya ce, "Ɗalibar gidan nan, an yi aikin gida kuwa? Kada malam ya zane min ke." 'Ya'yanta da suka gama jami'a suna koya mata yadda ake neman abu a kwamfuta, tana harararsu ta saman gilashi. Ni kuma na ɗinka mata riguna marasa nauyi na zuwa aji, ban karɓi ko sisi ba.

Ranar taro Yaya ta miƙe, karo na farko a rayuwarta, ta yi tambayar da ta saba amsawa. Ɗaki ya yi tsit. Mutanen da ta riƙe wa, wannan ya duba agogo, waccan ta shiga gyaran ɗankwali. Wadda ta buɗe baki ita ce ƙaramarsu duka, wata yarinya da suke kira Sabuwa don ba ta daɗe da zuwa ba.

"Na riƙe, Anti."

Da a nan aka tsaya da an gama. Amma Dogo ya gyara murya ya ce, "Madalla da ke. Sai dai wa zai tsaya a bayanki? Anti, ke ma kin sani, in kika tafi sashen nan rushewa zai yi." Ya faɗa da ladabi, har da dafa ƙirji. Bai ce ya hana ba, bai kuma sa hannu ba, sai ya tura maganar gaban kwamitin asibiti.

Ana cikin haka asibiti ya fito da wani sabon tsari, wai kowane sashe a naɗa jagoran da zai riƙa horar da ƙananan ma'aikata, da ofis da suna a ƙofa. Wato aikin da Yaya ta shekara da shekaru tana yi a ɗakin ajiya da butar shayinta. Sharaɗi na farko: sai mai digiri na biyu. Ranar da 'yan kwamitin suka zagayo duba sashen ina nan, na kawo ɗamaru. Sabuwa tana fama da wani ƙaton direban babbar mota a tsakanin ƙarafa, ta jiƙe sharkaf, Yaya tana bayanta a tsaye yadda ta saba. Sai na ji wata a cikin baƙin ta karkata ta ce wa na kusa da ita, "Waccan fa, aikin me take yi? Tun da muka shigo a tsaye take, yarinya na wahala."

Wallahi maganar ta zo min har leɓe. Yaya ta watso min wani kallo ta cikin madubi, na haɗiye. Dogo yana tare da su, ya ji, kuma ya fi kowa sanin amsar, amma sai ya ja su zuwa ganin wata sabuwar na'ura. Jagorancin shi aka ba. Aka manna sunansa a ƙofa ta biyu, yara kuma suka ci gaba da bin Yaya ɗakin ajiya.

A ƙarshen makon muka haɗu a ɗakin Inna. Ta tsufa sosai lokacin, ba ta cika sauka daga gado ba, amma bakinta bai tsufa ba. Yaya tana matsa mata ƙafa tana ba da labari, kuma ranar ce na fara jin ƙorafi a bakinta. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta janye ƙafarta.

"Ke 'yar nan, ba ke kika hana ni ɓalla wa ubanku maɓalli ba? Kika ce in na ci gaba da yi masa, hannun ba zai tashi ba har abada?"

"Ni ce, Inna."

"To su waɗannan ƙartin, shekara nawa kina ɓalla musu? Ni ko kuka na yi da kika hana ni. Ke wa ya hana ki?"

Na ƙyalƙyale da dariya, Yaya ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon hannayenta.

Washegari ta nemi hutunta na shekara, wanda rabonta da ɗaukarsa cikakke har ta manta. Nufinta Dogo da kwamiti su gani da idonsu cewa sashe ba zai rushe ba. Ta kawo min wayarta shago ta ce in kulle a durowa, ko ta roƙe ni kada in ba ta. Ta kuwa roƙa. Ta zo ta zauna min a kan benci tana karkaɗa ƙafa, tana tambayata ko na ji labarin direba, har na kusa korar ta don tana tsorata min masu kawo ɗinki.

Sashe bai rushe ba. Sabuwa ta riƙe, sauran ma da suka ga ba Anti sai kowa ya tuna yana da hannu. Direban nan ya taka da sanda tun daga ƙarafa har bakin ƙofa, ya tsaya yana kuka yana kiran sunan matarsa. Da Yaya ta koma aka ba ta labari, ta dawo gida da murna kamar an yi mata albishir da jika. Har ta fara jera littattafai a jaka.

Dogo da kansa ya zo gida ya kawo amsar kwamiti, ina nan. Ya zauna a bakin kujera, ya haɗa gwiwoyinsa, ya ce an duba maganar Anti da idon rahama amma ba a amince ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya, watan da ba ta nan aiki ya tafi daidai, wanda ya nuna aikinta ba irin wanda sai an ƙara mata karatu ba ne, ga shi kuma shekarun da suka rage mata ba yawa. Na biyu, sashe ba zai iya sakinta na tsawon lokaci ba, don ƙananan ma'aikata suna bukatarta.

Na ce, "Tsaya, malam. Wanne ne a ciki? Ba ta da amfani, ko ba a iya yi sai da ita?"

"Ai ba ni kaɗai nake yanke hukunci ba."

"Na biyun daga bakin wa ya fito? Lokacin da za ka tafi naka karatun, sau biyu, wa ya tsaya a bayan marasa lafiyarka? Ko a lokacin sashen da ƙarfe aka gina shi?"

"Auta," in ji Yaya.

"Bar ni, Yaya! An ce ba za ki zama jagora ba sai da digiri, an ce ba za ki je neman digiri ba don ke ce jagora. Wannan ko a ɗinki aka yi min shi, na san an raina min hankali ne."

Dogo ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma abin ya dame shi. Na yarda ya dame shi, yadda takalmi yake damun mutum ya kuma ci gaba da tafiyarsa. Yaya ta tashi ta haɗo masa shayi. Mijinta, wanda ban taɓa ganin ya rasa abin zolaya ba, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fice ba sallama.

Lokacin rajista ya zo ya wuce. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta kwashe littattafan daga tebur, ta ɗora jakar a saman durowar kaya, ranar Litinin ta koma bakin ƙarafanta. Na so ta ajiye musu aikin, na faɗa mata ya fi a ƙirga. Ta ce marasa lafiya ba su suka zauna a kwamiti ba.

Shekara ta zagayo, Sabuwa ta samu gurbin digiri na biyu. Abin da ya faru a taron, ita ta zo har shago ta ba ni labari, tana yi tana share ido. Ta ce ta miƙe ta yi tambayar, sai duk ɗakin ya juya wajen Anti, kowa ya saki jiki yana jiran abin da aka saba. Anti tana tsaye a jikin ƙarafa, hannu a baya, ba ta ce uffan ba. Aka yi shiru har ana jin kukan fanka. Sabuwa ta ce ta ɗauka haushi ne, ta ɗauka karatunta ya tafi ke nan. Sai ta hango bayan Anti ta cikin madubi, ta ga hannu ɗaya ya damƙe ɗaya har jijiyoyi sun tashi.

Dogo ya yi tari. Ya dubi sama, ya dubi takardun gabansa, ya ce, "Anti..." Ita kuwa ta zuba masa ido kawai, irin kallon da take yi wa wanda ya tsaya a tsakiyar ƙarafa ya ce ba zai iya ba. Zufa ta karyo masa. Can dai ya ce, da wata murya kamar ba tasa ba, "Na riƙe."

Washegari ya tuɓe kwat, ya ɗaura wa wata tsohuwa ɗamara, abin da rabonsa da yi tun kafin ya zama shugaba. Yaya ta tsaya a bayansa. Da aka sallami tsohuwar ta ja shi ɗakin ajiya, ta zuba masa shayi ta ce, "Me ka gani?"

Da na ji haka na rufe shago tun kafin lokaci, na nufi gidanta da guɗata a baki, don a ganina ranar ramuwa ce. Na same ta a kan kujera tana sauko da jakar nan daga saman durowa. Ta kaɗe mata ƙura, ta zazzage aljihunan, ta ce za ta kai wa Sabuwa, ai sabuwa ce fil ba a taɓa goya ta ba. Gilashin yana rataye a wuyanta. Na ce ai yau kin gwada musu, Yaya, yau kin rama.

Ta zauna a bakin gado da jakar a cinya, tana jan zif tana mayarwa.

"Ba ramuwa ba ce, Auta. Ashe za su iya. Tun tuni za su iya. Ni ce ban taɓa bari sun gwada ba."

Na ce ba haka ba ne, na ce su manya ne da hankalinsu, sun san abin da suke yi sarai, na ce kada ta kuskura ta wanke su. Ta yi murmushi kawai ta ci gaba da goge jaka. Sun cinye mata shekarunta, sun cinye mata karatunta, ban taɓa jin ɗayansu ya ce a yafe masa ba. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan: har laifin ma ita ta riƙe musu.